Diori Hamani: malamin lakwal da ya nema wa Nijar kujera a majalisun duniya

Ruwan da manoman kwarin Gulbin Maraɗi ke dako kowace damina, daga Madarumfa har zuwa ƙauyukan Sarkin Yamma, daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana shigowa Nijar ta kudu, ya ratsa Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa cikin kogin Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya a kan hanyarsa, yawan ruwan da ke isowa fadamun wannan yanki ya zama maganar gwamnatoci biyu. Wurin da ake yin wannan magana shi ne hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai, wadda aka kafa a watan Maris na 1971. A ƙarƙashinta ne ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri, a 1990, kan yarjejeniyar rabon ruwan kwarurruka huɗu da suka haɗa su, har da na Gulbin Maraɗi. Shugabannin da suka aza harsashin hukumar su ne Janar Yakubu Gowon da Diori Hamani, shugaban farko na Jamhuriyar Nijar, wanda ya taɓa riƙe alli a Maraɗi tun yana saurayi.

Daga allo zuwa majalisar Paris

An haifi Diori Hamani ranar 6 ga watan Yuni na 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Mahaifinsa ma'aikacin kiwon lafiya ne a zamanin mulkin Faransa, abin da ya buɗe wa yaron ƙofar karatun boko a lokacin da ƴan ƙalilan ne ke samunsa. Ya yi karatu a Yamai, ya wuce Porto-Novo a ƙasar Dahome, wato Benin ta yau, daga nan ya shiga makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, inda da yawa daga cikin waɗanda suka ja ragamar ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa suka yi zaman aji ɗaya ko suka bi sawun juna.

Ya fara koyarwa a 1936, a Yamai da Maraɗi. A 1938 aka kai shi Paris don ya koyar da Hausa da Zabarmanci a makarantar da ke shirya jami'an mulkin mallaka. Bazabarme ne da ya iya Hausa har ya koyar da ita, kuma wannan ya yi masa rana daga baya, a lokacin da ya riƙa zama da shugabannin Arewacin Najeriya ba tare da tafinta ba.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen Nijar na babbar jam'iyyar RDA ta Félix Houphouët-Boigny. A wannan shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya dawo a 1956, kuma a 1957 ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar. A can ya koyi aikin da ya riƙe har ƙarshen mulkinsa: yadda ake rubuta daftari, yadda ake neman goyon baya a bayan fage kafin a shiga zaure, da yadda mai ƙuri'a ɗaya ke sayar da ita da daraja idan manya suka rabu biyu.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a amma ta sha kaye, Diori ya zama shugaban gwamnati a watan Disamba. Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, majalisa kuma ta zaɓe shi shugaban ƙasa a watan Nuwamba.

Ƙasar da ba ta da teku

Ƙasar da ya karɓa tana da faɗin murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu 267, mutanenta ba su wuce miliyan uku da ƴan kai ba, ba ta da gaɓar teku, ba ta da layin dogo, ba ta da jami'a. Gyaɗa ce ke kawo mata mafi yawan kuɗin waje, kuma daga yankunan Maraɗi da Damagaram take fitowa. Buhun gyaɗar manomin Madarumfa ba ya isa kasuwar Turai sai ya bi ta Kano zuwa Legas, ko ta Paraku zuwa Kwatano. Ko wace hanya ya bi, sai da yardar maƙwabci. Daga wannan hali ne siyasar Diori ta waje ta fito. Ya ɗauka cewa ƙasa irin tasa ba ta da sojan da za ta tsoratar da kowa, ba ta da dukiyar da za ta sayi kowa, don haka abin da ya rage mata shi ne takarda mai sa hannu da kujera a teburin shawara.

Tun kafin ƴanci, ranar 29 ga Mayu 1959, ya shiga ƙawancen Conseil de l'Entente tare da Kodibuwa da Dahome da Haute-Volta, wadda ita ce Burkina Faso a yau. Togo ta shigo a 1966. Ƙungiya ce ƙarama mai sauƙin tsari: shugabanni su haɗu, su yanke shawara da bakin kowa, sannan akwai asusun da Kodibuwa, mai ƙarfin cikinsu, ke zuba kaso mafi tsoka.

Ranar 20 ga Satumba 1960 Nijar ta zama memba a Majalisar Ɗinkin Duniya, rana ɗaya da wasu ƙasashen Afirka 12. A babban zauren majalisar ƙuri'ar Nijar daidai take da ta Amurka ko ta Tarayyar Sobiyet, amma a Kwamitin Sulhu ƙasashe biyar ne kawai ke da kujerar dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi. Yawan sababbin ƙasashen Afirka da Asiya ne ya sa aka faɗaɗa kwamitin daga kujeru 11 zuwa 15 a 1965. Ta wannan ƙofa Nijar ta zauna a cikinsa a 1980 da 1981, sannan a 2020 da 2021.

A watan Mayu na 1963 Diori yana Adis Ababa lokacin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Tsarinta shi ne wanda kusan duk ƙungiyoyin da ya shiga suka bi: taron shugabanni a sama, majalisar ministoci tana shirya masa aiki, sakatariya ta dindindin tana aiwatarwa, kowace ƙasa da ƙuri'a ɗaya, kowace ƙasa kuma da kuɗin karo-karon da ya kamata ta biya. A shekarar da ta biyo baya, a Alƙahira, ƙungiyar ta amince a bar iyakoki yadda aka gaje su daga Turawa.

Darasin tsibirin Lete

Ba a daɗe ba aka gwada wannan ƙa'ida a ƙofar gidan Diori. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete da ke tsakiyar kogin Kwara. Nijar ta kori ma'aikatan Dahome da ke aiki a ofisoshinta, Dahome kuma ta toshe hanyar kayan Nijar ta Kwatano. Sojoji sun matso bakin kogi. A cikin makonni kaɗan ƙasar ta ga abin da rashin teku ke nufi. Ƙawancen Entente ne ya kwantar da wutar a 1965, aka bar mutanen ƙasashen biyu su ci gaba da amfani da tsibirin. Maganar mallaka ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, lokacin da Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke cewa Lete na Nijar ne. Ƙaramar ƙungiya ta hana yaƙi, babbar kotu ta raba gardama bayan shekara 40, kuma babu wanda ya yi aikin ɗan'uwansa a cikinsu.

A daidai wannan lokaci Diori ya mai da Yamai wurin taron ƙasashen da ke shan ruwa ɗaya. A watan Oktoba na 1963 aka sa hannu a can kan yarjejeniyar zirga-zirga da haɗin gwiwa a kogin Kwara, wadda ta maye gurbin dokokin da Turawa suka tsara wa kogin tun taron Balin na 1885. A Nuwamba 1964 aka kafa hukumar kogin, wadda a 1980 ta zama ABN, mai ƙasashe tara, kuma har yau mazauninta na Yamai. Ranar 22 ga Mayu 1964, a Fort-Lamy, wato Njamena, ya haɗu da Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Ahijo da François Tombalbaye suka kafa hukumar tafkin Cadi. A wannan shekarar kuma Nijar ta shiga majalisar ƙasashen Afirka masu noman gyaɗa, tare da Najeriya da Senegal. Abin lura a nan shi ne waɗannan hukumomi sun tsallake katangar Faransanci da Ingilishi, domin kogi da tafki da kasuwar gyaɗa ba su san wanda ya mulki wa ba.

Farashin gyaɗa a teburin Turai

A ƙarƙashin yarjejeniyar Yawunde ta 20 ga Yuli 1963, ƙasashen Afirka 18 sun ƙulla hulɗa da ƙasashe shida na kasuwar tarayyar Turai. Sun samu tallafi daga asusun raya ƙasa na FED da sassaucin kuɗin fito. Abin da suka rasa shi ne farashi na musamman da Faransa ke sayen gyaɗarsu da shi, sama da na kasuwar duniya, wanda aka janye sannu a hankali. Manomin da ya kai gyaɗarsa ma'aunin kamfanin SONARA ya ji wannan a aljihunsa, ko da bai taɓa jin sunan Yawunde ba.

Daga 1966 Diori ya jagoranci ƙungiyar OCAM ta ƙasashen Afirka renon Faransa na tsawon shekaru, kuma da wannan riga ya zagaya manyan biranen Turai yana kai kukan faɗuwar farashin amfanin gona, kafin a sabunta yarjejeniyar a watan Yuli na 1969. Bai dawo da tsohon farashi ba. Ya dai nuna cewa ƙasashe 18 da ke magana da murya ɗaya ana ba su lokacin da ba a ba ƙasa guda.

Yaƙin Biyafara

Gwaji mafi tsanani ya zo ne da yaƙin basasar Najeriya a 1967. Faransa ta Janar de Gaulle ta karkata ga Biyafara, Houphouët-Boigny kuma, wanda Diori ke ɗauka a matsayin yaya a siyasa, ya amince da ita a matsayin ƙasa a 1968. Diori ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. Dalilinsa a fili yake ga duk wanda ya san iyakar da ta tashi daga Gaya zuwa tafkin Cadi, mai tsawon kusan kilomita 1,500, inda Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Sakkwato da Ƙonni suke dangi ɗaya da kasuwa ɗaya. Wargajewar Najeriya gobara ce a gidan maƙwabci mai katangar zana.

Taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Kinshasa, a Satumba 1967, ya naɗa kwamitin shugabanni shida kan rikicin, ƙarƙashin Sarki Haile Selassie na Habasha, da Diori a ciki. A watan Yuli na 1968 kwamitin ya zauna a Yamai, Gowon ya zo, Odumegwu Ojukwu ma ya zo, aka share fagen tattaunawar da aka ci gaba da ita a Adis Ababa. Tattaunawar ba ta tsayar da yaƙin ba, wanda ya kai har Janairu 1970. Amma Legas ba ta manta da wanda ya tsaya da ita ba, kuma hukumar haɗin gwiwa ta 1971 ɗiyar wannan amana ce.

Ranar 20 ga Maris 1970

Aikin da sunansa ya fi fita da shi a waje shi ne kafa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Shi da Léopold Sédar Senghor na Senegal da Habib Bourguiba na Tunisiya da Norodom Sihanouk na Kambodiya ake kira iyayenta. Diori ne ya karɓi baƙuncin taruka biyu a Yamai, na farko a Fabrairu 1969, na biyu a Maris 1970.

Taron na biyu ya kusa watsewa a kan tambaya guda: wa ke da ikon zama memba? Faransa na son a buɗe wa lardin Kebek ƙofa da sunan kansa, gwamnatin Kanada kuma ta dage cewa ƙasa mai cikakken ƴanci ce kawai ke sa hannu a yarjejeniyar duniya. Diori na buƙatar su biyun, domin Faransa ce ke cike giɓin kasafinsa, Kanada kuma sabuwar ƙawa ce, wadda ta ɗauki nauyin hanyar Haɗin Kai da ta nufi Ngigmi. Mafitar da aka samu ita ce ƙasashe su zama membobi, sannan a ƙirƙiro wani matsayi na gwamnati mai halarta, wanda lardi zai iya samu da yardar gwamnatinsa ta tsakiya. Ranar 20 ga Maris ƙasashe 21 suka sa hannu aka kafa ACCT, mai mazauni a Paris. Kebek ta samu wannan matsayi a 1971, lardin Nouveau-Brunswick ya biyo baya a 1977.

Babban sakataren farko ɗan Kebek ne, Jean-Marc Léger. Wanda ya gaje shi a 1974 ɗan Maraɗi ne, Farfesa Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai kuma ministan ilimi a gwamnatin Diori, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa a yau. A zamaninsa ACCT ta samu kujerar ƴar kallo a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1978, ta kuma wallafa a 1980 binciken itatuwan maganin gargajiya na Nijar.

Inda takarda ba ta kai ba

A cikin gida hoton ya bambanta. An haramta Sawaba tun 1959, ƙasar ta koma ta jam'iyya ɗaya. Lokacin da mayaƙan Sawaba suka kutso ta kan iyakoki a 1964, an murƙushe su da ƙarfi, an harbe wasu a bainar jama'a, an tsare mutane da yawa. A watan Afrilu na 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, ya tsira. An sake zaɓensa a 1965 da 1970 ba tare da abokin takara ba. Babu ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da yake jagoranta da ta ce uffan, domin dukkansu an gina su a kan sharaɗin kada wata ƙasa ta tsoma baki a harkar cikin gidan wata.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya riƙa ja da baya, a 1973 abin ya kai matuƙa. Dabbobi sun mutu garke-garke, rumbuna sun ƙare, gyaɗa ta durƙushe, makiyaya daga arewa suka kwararo zuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram, wasu suka tsallaka Najeriya. Ƙungiyoyin duniya sun motsa, ko da yake a makare. Hukumar abinci da noma ta FAO ta buɗe ofishin agajin Sahel a 1973, kuma ranar 12 ga Satumba na wannan shekara Nijar da Mali da Cadi da Senegal da Muritaniya da Haute-Volta suka kafa CILSS a Wagadugu don su yi wa masu ba da agaji magana da baki ɗaya. Hatsi ya iso tashoshin ruwa. Raba shi ga mai jin yunwa kuwa aikin gwamnati ne da jam'iyya, kuma a nan ne zargin karkatar da agaji ya yi ƙarfi a kan wasu manyan jami'ai.

Diori ya sa ransa a kan yuraniyom ɗin Arlit, wanda kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971. Ganin yadda farashin man fetur ya tashi a ƙarshen 1973, ya nemi Faransa ta ƙara kuɗin da take biya, aka fara tattaunawa a Yamai a watan Maris na 1974. Shugaba Georges Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Ranar 15 ga wata sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché suka kifar da gwamnati, suna kafa hujja da yunwa da cin hanci. An kashe matarsa, Hajiya Aïssa Diori, a daren. Sojojin Faransa da ke Yamai ba su fito daga barikinsu ba, duk da yarjejeniyar tsaro da ke tsakanin ƙasashen biyu.

An tsare shi a Damagaram har 1980, daga nan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai har 1987, lokacin da Janar Ali Saibou ya sake shi. Ya rasu a Rabat, ƙasar Maroko, ranar 23 ga Afrilu 1989, yana da shekara 72. Filin jirgin saman Yamai na ɗauke da sunansa.

Abin da ya saura

Ƙungiyoyin da ya yi wa hidima ba su yi rabo ɗaya ba. OCAM ta rushe a 1985. Kamfanin jiragen Air Afrique, wanda Nijar ke cikin masu kafa shi a 1961, ya karye a 2002. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta rikiɗe ta zama Tarayyar Afirka. ACCT ta girma ta zama OIF, Yamai ta karɓi wasanninta a Disamba 2005, sannan a watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar da aka haifa a babban birninta, makonni kaɗan bayan ta kammala fita daga CEDEAO. Hukumar raya yankin Liptako-Gurma, wadda Nijar da Mali da Haute-Volta suka kafa a Disamba 1970, ta haɗa ƙasashe ukun da suka kafa ƙawancen AES a 2023, kuma sunan wannan yanki suka sa wa yarjejeniyarsu.

Waɗanda suka fi jure sauyin gwamnatoci su ne waɗanda aka ɗaura a kan abin da ba ya ƙaura: kogin Kwara, tafkin Cadi, farin Sahel, da iyakar Nijar da Najeriya. Cibiyar AGRHYMET ta CILSS da ke Yamai tana ci gaba da fitar da hasashen damina kowace shekara. Yarjejeniyar Maiduguri ta tanadi kwamitin ƙwararru na ƙasashen biyu da musayar bayanai kan yawan ruwa, ta kuma ɗora wa kowace ƙasa sanar da ɗaya kafin ta yi wani aiki da zai taɓa rabon maƙwabciyarta. Ko hakan ya isa gonar mai noman rani a Sarkin Yamma ya danganta ne da ko kwamitin na zama, ko ana biyan kuɗin tafiyar da shi, da ko akwai wanda ke kai masa kukan manoma idan gulbi ya makara.